Gora Mai Kumfa Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da falo mai cike da warin tsami, ni Malam Mordecai Dogara na Hayin Dogo, Samaru, tsohon malamin sakandare, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da waɗanda ba sa cikin ko ɗaya amma suka fi kowa bin labarina, rasuwar abokiyar zamana, Gora Mai Kumfa. Ta cika ranar Lahadi, 23 ga Afrilu, 2006, da misalin ƙarfe biyu na rana, ana tsakiyar addu'a.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, gorar lemo ce ta roba mai cin lita biyu. Asalinta kuwa sai an koma kan matata Rhoda, wadda ta riga ta tafiya da shekara biyu da wata uku. Rhoda ta bar mini akwatin gilashi na kifi, a cikinsa akwai wani jan ganye da wata Ba'indiya, matar malamin jami'a, ta ba ta ranar da suke tattara kaya za su koma ƙasarsu. Ta gaya mata cewa ganyen ruwa abincinsa iskar nan ce da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi. Tun daga ranar, kowace safiya kafin ta ɗora shayi, sai Rhoda ta tsoma bututun shan lemo cikin ruwan ta hura sau ashirin. Shekara goma sha takwas na yi ina yi mata dariya.

Da Rhoda ta rasu, sati uku bai cika ba ganyen ya fara koɗewa. Na ɗauki bututun na hura. A na tara jiri ya kwashe ni, na farka na ga kifaye suna kallona irin kallon da surukai suka yi mini ranar ɗaurin aure. Sai na koma ga abin da na iya, wato karatu. A wata tsohuwar mujalla da gara ta ci rabinta na samu cewa in aka haɗa sukari da yis na kumbura burodi da ruwan ɗumi aka toshe, iskar da suke fitarwa ita ce dai wadda Rhoda take hurawa. Na huda murfin gora, na cusa robar ƙarin ruwa da na karɓo a kemis, na liƙe da gam, na tura ɗaya bakin cikin akwatin. Ɗan jefin kanwa kuma ƙarin kaina ne, mujallar ba ta san shi ba. Washegari na ji muryarta ta farko: ɓul. Can kuma: ɓul. Cikin wata guda ganyen ya koma ja kamar gauta.

Marigayiya ta yi zaman duniya da kowa lafiya. Ba ta taɓa tambaya ko an kawo wuta ba. Kofi biyu na sukari da rabin cokalin yis sun ishe ta sati biyu, abin da ba zan iya faɗa a kan ko ɗaya daga cikin baƙin da suka zo mini ta'aziyyar Rhoda ba. Takan yi magana yini guda ba ta kama sunan kowa ba. Ba ta taɓa ce mini in ƙara aure ba, ba ta kuma da ƙanwa a ƙauye mai hankali da iya tuwo. Oga Celestine mai sayar da kayan burodi a kasuwar Sabon Gari shaida ne kan ƙarancin cinta. Shi ne kullum yake ce mini, "Malam, kai kullum yis, yis, amma burodi naka ban gani ko ɗaya!"

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar Asabar, da Mama Hephzibah, shugabar zumuntar mata ta ikilisiyarmu, ta kawo mini ɗan wake da ban roƙa ba. Tana shiga falo ta tsaya, ta ɗaga hanci. "Baba Malam, wannan warin fa na san shi." Ban musa mata ba. Mahaifiyarta ta yi shekara talatin tana dafa burkutu kafin ta tuba, kuma ni ba na jayayya da gado. Na fara yi mata bayanin yadda ganye ke ci. Ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta ɗauki kwanonta tun ban juye ba.

Ranar Lahadi bayan sujada sai ga Dattijo Bernard da mutum shida na kwamitin horo na ikilisiya. Abin ya burge ni. Watanni takwas Rhoda ta yi a kwance, kwamitin nan bai taɓa cika mutum uku a ƙofata ba. Dattijo Bernard, cikin farar babbar rigarsa ta Ista, ya ɗaga marigayiya ya girgiza ta da kyau don ya ga kumfa. Ya zare robar daga ruwa ya ƙulle ta ƙulli biyu, yana cewa, "Yau mun ɗaure abin nan, ɗan'uwa." Sa'an nan ya fitar da ita baranda, ya ajiye a rana, ranar Afrilu, ya ce a kewaye ta a yi addu'a.

Na ce, "Dattijo, kwance robar nan."

Ya ce, "Ɗan'uwa Mordecai, rufe idonka."

Duk wanda ya taɓa jiran abinci a bayan addu'ar Dattijo Bernard ya san ba ta gaggawa. Marigayiya ta jure. Ta jure ya yi wa unguwa, ya yi wa jiha, ya yi wa shugabanni da matafiya da ɗalibai masu jarrabawa. Ni kaɗai idona a buɗe, ina ganin cikinta yana kumbura, tana cewa tsiii a hankali, irin ta mai haƙurin da aka kai bango. Ya iso kan masu shan abin maye a ɓoye ke nan ta ce: ɗam!

Ba a kai ga Amin ba. Dattawa bakwai suka taka daga Hayin Dogo zuwa bakin titi, jiƙe sharkaf, suna warin da Mama Hephzibah ta sani. An ce masu acaba uku sun ƙi ɗaukarsu, na huɗu ya yi musu nasiha.

Ta rasu ta bar kifaye goma sha ɗaya, da dodon koɗi guda da bai san an yi rasuwa ba har yanzu, da robar ƙarin ruwa mai ƙulli biyu. Murfinta ba a gan shi ba, ana kyautata zaton ya sauka can unguwar Hanwa. Ta kuma bar jan ganyen Rhoda, wanda yau kwana huɗu ke nan, gefensa ya fara fari. Kwamiti ya hana yis shiga gidana har sai ya sake zama bayan wata uku. Ganyen ba zai kai wata uku ba. Na faɗa musu, sun rubuta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, 29 ga wata, da ƙarfe goma na safe, a gindin mangwaron bayan gida. Ba shinkafa, ba lemo, ba anko. Dattijo Bernard ba zai yi addu'a ba, saboda akwai sauran goruna a unguwa.

Za a karɓi gaisuwa kowace safiya daga ƙarfe bakwai, har wata uku. Mai ta'aziyya ba sai ya ce komai ba. Zai tarar da bututun Rhoda a wanke a kan akwatin, ya tsoma, ya hura sau ashirin, ya tafi. Ni nakan kai takwas yanzu, in zauna in huta, in tuna dariyar da na yi. Sauran goma sha biyun na bar wa Mama Hephzibah, wadda duk Samaru ta shaida ba ta da ƙarancin iska.