Gonar da Tarihi Ya Cinye

Gundumarmu ta yi dace. Allah Ya ba ta hatsi a saman ƙasa da ma'adini a ƙarƙashinta, sannan Ya ƙara mata da Malam Tun-Fil'azal, wanda ya san asalin duka biyun. Wasu gundumomin sai sun aika birni a turo musu masani. Mu namu a gida yake, kuma ba ya jira a tambaye shi.

Daga bakinsa ya samo sunan. Ko "ina gajiya" ka ce masa, zai gyara zaman tabarau ya ce, "Ai ita gajiya, tun fil'azal..." Kafin ya dire, mai gaisuwa ya fahimci gajiya a ƙafafunsa.

Ya yi aiki a ofishin gunduma har ya yi ritaya, yana buga hatimi a kan takardun da wasu suka rubuta. A nan ya gano cewa babu abin da ke zama gaskiya sai ya bi ta hannunsa. Da aka karɓe hatimin sai ya koma kan tarihi, saboda matattu ba sa musu.

Ga wanda bai san gundumar ba, ba ta da wuyar kwatance. Duwatsu a arewa, an huhhuda su kamar rariya. Kogi a tsakiya, yana aiki rabin shekara ya huta rabi. Jar ƙasa shimfiɗe a kudu. Hanya ɗaya ce, ita ma manyan motocin ɗaukar duwatsu sun mallake ta. Mutanen kuwa da damina suna sunkuye a gona, da rani suna sunkuye a rami. Malam kaɗai ke tsaye duk shekara. A jawabansa ya kasa mu kashi uku: masu tonon sama, masu tonon ƙasa, da masu tunani. Kashi na ukun bai taɓa kai mutum biyu ba.

Yana da gona guda ta gado a gindin dutse, kuma ita ce ke ciyar da gidansa kaf. Maiɗakinsa ke noma ta, da yara, da 'yan ƙwadago in hali ya yi. Shi ta fuskar ilimi ya san gonar: ya san tana da iyaka huɗu. Fartanya ba ta taɓa ɓata masa tafin hannu ba.

To manoman nan suna da wata ɗabi'a. Ƙasar cike take da tarkacen mutanen dā, fasassun tukwane da kashin maƙera da guntayen ƙarafa da tsatsa ta ci. Duk wanda garmarsa ta tono irin wannan ba ya faɗa wa kowa, don an san magana kan jawo mutanen birni da igiyar awo. Sai ya wurga shi ƙetaren iyaka ya ci gaba da huɗa. Kuma ba a wurgawa gonar wanda zai zo ya yi faɗa, gonar wanda ba ya zuwa ake wurgawa. Mahaifin Malam ma ba mai zuwa ba ne. Saboda haka tarkacen maƙwabta duka a gonarsu yake sauka tun kaka da kakanni. Maiɗakin nasa ba ta tanka ba, tunda maƙwabtan ke ara mata shanun huɗa. Takan tattara shi a kusurwa guda ta shuka kabewa a kai.

Ran nan bayan an gama girbi Malam ya je gonar. Ba da niyya ba. Makullin akwatin rigunansa yake nema, ita kuma ta fita da shi ɗaure a gefen zane. Ya ga tsibin, ya tsaya, ya cire tabarau ya mayar.

"Kin san a kan me kike shuka kabewa?"

"Bola ce, Malam. Maƙwabta ke zubowa."

"Ke bola kike gani, saboda idonki na girki ne. Nan ne cibiyar gunduma. A nan kakan kakana ya fara hura wutar ƙira, a lokacin da kakannin waɗancan ba su san ƙarfe ba sai in ya sare su."

Malam ba mai yanke hukunci ba bincike ba ne. Ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko akwai irin wannan kaya a gonakinsu. Kowa ya ce babu, in yana so ya zo ya duba. Ya duba, ya same su fes, ko tsingaro babu. Hujja ta kammala. Gundumar kaf ba ta da tarihi sai a gonar mutum ɗaya, kuma Allah Ya sa mutumin ne kaɗai zai iya gane shi.

Daga nan shugaban gunduma bai sake shan ruwa da sanyi ba. Malam ya tare shi a ofis, ya tare shi a bakin mota, ya tare shi a wurin ta'aziyya. A ƙarshe aka ba shi zauren taro da lasifika don a huta.

"Jama'a, tun fil'azal al'umma iri biyu ce," in ji shi, "mai cin hatsi da mai cin gadon kakanni. Hatsi ko jaki yana ci. Ina kira ga hukuma ta killace wannan wuri mai alfarma. Kada fartanya ta sake taɓa shi, kada garma, kada diga, kada akuya. Kuma kada a yi wa kowa sassauci, ko da mai gonar ne, domin tarihi ba shi da ɗan gida."

An tafa sosai a wannan gaɓa, musamman daga ɓangaren maƙwabta. Malam ya ji daɗin jimlar har ya sa ta a cikin dokokin da ya tsara ya aika wa hukumar kayan tarihi a birni.

Maiɗakinsa ta same shi a soro yana goge takalmi.

"Baban yara, in za su ɗauka, su ɗauki kusurwar kabewar. A bar mana inda masara ke yi."

"Rabin tarihi ƙarya ne."

"Rabin ciki fa?"

Ya ce mata wannan ba tambayar ilimi ba ce. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Tawagar hukuma ta zo da igiyar awon da kowa ke gudu. Shugabarsu, wata mata mai sanyin murya, ta ce ba ta taɓa ganin zamanai da yawa haka a tsibi ɗaya ba. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne wata tsohuwar tukunya a sama, da murfin kwanon sha na kanti a can ƙasa. Malam ya warware mata cikin sauƙi: kakanninsa sun riga zamaninsu ne. Ta rubuta. Aka zagaye gonar da waya, aka kafa allo, aka ɗauki maigadi daga cikin tsofaffin 'yan rami. Ranar buɗewa Malam ya yanke zare da kansa, ya yi jawabi har inuwa ta juya.

Sai ruwan shuka ya sauka.

Maiɗakinsa ta fito da iri a ƙwarya, yara na biye da fartanyu. Maigadi ya miƙe ya gaishe ta har ƙasa.

"Ki yi haƙuri, Yaya. Dokar Malam ce. Ni ma jiya akuyata na kora."

Ta dawo ta ajiye ƙwaryar a gaban Malam. Ya dubi irin, ya ce lallai masara ma tana da dogon tarihi. Kwanaki suka tafi, maƙwabta suka yi noman fari a gonakinsu marasa asali. A gidan Malam kuwa mai ɗebo hatsi a rumbu ya fara shiga har kafaɗa kafin hannunsa ya taɓa wani abu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma da wuya a ga wanda ya tsara wa ruwan doka kamar wannan.

Da abincin rana ya fara zuwa ba ƙari, Malam ya sa babbar riga ya hau mota zuwa birni. Ya zauna a gaban shugabar tawagar, ƙarƙashin fanka mai ƙara, ya rage murya iya ragewarsa.

"Hajiya, akwai yiwuwar, a wata fuskar, cewa wasu daga cikin kayan nan daga waje aka zubo su."

"Ikon Allah. Mu kuwa da maganar babban masanin gundumar muka yi aiki, Malam. Ba mu da wanda ya fi shi."

Malam ya ɗan gyara zama.

"Amma ba matsala," ta ci gaba. "In kuskure ne, a cire waya gobe a mayar maka da gonarka, shuka ba ta wuce ba tukuna. Sai dai yadda aka kafa a gaban jama'a, haka za a cire. A tara mutanen nan a zauren nan, a ba ka lasifika, ka faɗa musu cewa bola ce."

Fanka ta yi ta juyawa. Malam ya tuna rumbu. Ya tuna zauren, da maƙwabta a jere a benci na gaba. An ce ya daɗe yana tunani, kuma a yi masa adalci, tunani sana'arsa ce. Can ya yi murmushi ya miƙe.

"Na zo ne in gwada ku, in ga ko hukuma na da tsayuwa. Kun ci jarrabawa."

Ya iso gida da la'asar, rigarsa na kaɗawa. Maiɗakinsa na tsugune a bakin murhu.

"Sun ba mu gonar?"

"Sun ba ni abin da ya fi gona. Sun tabbatar maganata ba ta tashi, ko da ni ne na je tashinta."

"Madalla. A wace tukunya ake dafa ta?"

Malam ya ce zai bincika. Har yanzu yana kan binciken, masarar maƙwabta kuwa ta yi goyo.