Ranar Da Na Yi Wa Gawo Ta'aziyya

Da damina na je garinmu Cadawa da sabuwar waya, ina ji da kaina wai ni mai ɗaukar hoto ne. Tun ina ƙarami lakol, wato makarantar boko, ta kai ni birni, amma a ganina ba abin da ban sani ba a daji.

A gonar Kawu Idi na tarar da gero kore shar, itatuwan gawo kuwa ko ganye ɗaya babu. Na durƙusa cikin taɓo na ɗauki hoto mai ban tausayi, na tura wa dangi kaf, na rubuta: "Innalillahi, gawon kakanninmu ya mutu, ba wanda ya lura sai ni."

Kawu ya kira ni, dariya ta kusa hana shi magana. "Ɗana, ai gawo da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana. Ko akuyata ta san haka."

To, akuyar ta ɗauki hoto mu gani mana! Ni dai ban goge nawa ba, don ya yi kyau. Sai dai duk rani, da gawo ya yi ganye, Kawu zai aiko saƙo: "Mai hoto, mamacinka ya tashi, yana gaishe ka."