Garkuwan Dankali Ya Gyara Gona

A duk faɗin Abuja babu manomi kamar Alhaji Maitama, Garkuwan Dankali. Shi ya naɗa kansa sarautar, kuma ya cancanta, tunda babu wanda ya nema sai shi. Mataimakin darakta ne a wata ma'aikata. Tafin hannunsa laushi kamar burodin safe. Albarkar noma ke nan.

Da farar hula suka dawo mulki, kuɗin mai ya yi ambaliya, kowane babba ya ga ya kamata ya yi gona. Alhaji ya sami takardar fili a ƙauyen Yangoji. Da ya je dubawa, sai ya tarar filin ya zo da dankalinsa a ciki, har da wani dattijo mai suna Baƙo, wanda ya shekara arba'in yana noma a wurin. Alhaji mai tausayi ne. Ya bar wa Baƙo noman, shi kuma ya ɗauke masa wahalar karɓar kyauta.

Dankalin kuwa na gaske ne: jan baya, ciki kamar gwaiduwa, guda biyu sun cika tukunya. Sau uku yana cin kofi a baje kolin amfanin gona, sau uku Garkuwa yana hawa dandamali da babbar riga.

"Mu manoma," yakan ce, "ƙasa ta san muryarmu. Ina yin gyaran murya, dankali sai ya fara kumbura."

Sai kwamitin baje kolin ya yanke shawarar ba shi lambar yabo ta aikin rayuwa. Za su kai masa har gona, cikin rani.

Shi dankali ba a shuka shi da ƙwaya, yaɗonsa ake yanka a dasa. Shi ya sa kowane rani Baƙo ke rainon ɗan fegi a bakin rafi, yana ba shi ruwa da bokiti har damina ta sauka. Irin ya gada wurin mahaifinsa. In fegin nan ya mutu, dankalin ya ƙare.

Ana saura mako guda, jif ɗin Garkuwa ta iso. Ya ga gona fayau, sai wani kore a cukurkuɗe can bakin rafi.

"Wannan ƙazantar fa? Manyan baƙi za su zo su tarar da ciyawa?"

Baƙo ya ce, "Oga, wannan ba ciyawa ba ne, shi ne..."

"Baba, na yi kwas ɗin noma a ƙasar waje. Mako biyu cur. A nan za a kafa rumfa, ya fi iska."

Washegari katafila ta kankare fegin, aka zuba tsakuwa tifa huɗu daga kasuwar Dei-Dei. Baƙo ya zauna a kan garmarsa yana kallo. Matarsa Margaret kuwa ta ɗauki daro tana bin katafila tana tsince-tsince.

"Ku ƙyale ta," in ji Garkuwa. "Na awaki take nema. Mu ba ma hana talaka."

Ranar biki ya yi jawabin awa guda a kan zufar da ya zubar. Mai riƙe masa lema ne ya zubar da ita. Da ya numfasa, shugabar kwamitin, Dakta Bilqis, ta miƙe da lambar a hannu.

"Alhaji, kafin mu miƙa, a nuna mana inda kake rainon irin. Za mu raba wa manoman yankin nan."

"Iri? Ai ƙwayar tana ofis, cikin kwalba. A firji nake ajiye ta."

Manoman da ke tsaye a rana suka fashe da dariya.

"Ƙwayar dankali, Alhaji?" Dakta Bilqis ta juya wajen Baƙo. "Baba, ina yaɗon yake?"

"Madam, da yana nan. Yanzu Oga yana zaune a kan shi."

Garkuwa ya leƙa ƙarƙashin kujerarsa. Wallahi ya leƙa.

"Madam," in ji Margaret daga baya, "in iri kina so, yana bayan ɗaki na. Wanda awaki bai ci ba. Ya kama."

Kwamiti ya tashi, manoma suka bi, masu ɗaukar hoto ma suka bi. A bayan ɗakin Margaret aka liƙa farar takarda a kan sunan Alhaji da ke jikin lambar, aka rubuta na Baƙo da biro. Ya karɓi lambar da hannun da bai wanke ba, ya miƙa wa matarsa, ya koma ban ruwa.

Garkuwa bai karaya ba. Ya ƙarasa jawabinsa ga masu ba da hayar kujeru, waɗanda ke jira ya tashi su naɗe tasa.

Da damina ta sauka, a karon farko gonarsa ta ba shi abin da shi da kansa ya sa a ƙasa. Tsakuwa tifa huɗu. Ko ɗaya ba ta ruɓe ba.