Zakaran da ke hammatata

Shekarar da murar tsuntsaye ta shigo Kano, babu mai kiwon kaji a garinmu, Durun, da ya kai ni bin doka. Na ajiye bahon ruwan magani a ƙofar gona, na hana kowa shiga. Har Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, na tsayar a waje.

"Har ni, ɗan nan?" ya ce.

"Har kai, Kawu. Likitan dabbobi ya ce cutar a takalmi take yawo."

Daga nan mutane suka ɗauke ƙafa. Wata biyu ina cin tuwo ni kaɗai, ina yi wa kaji hira.

Ranar kasuwar Gwarzo na ga wani jan zakara ya takure shi kaɗai, kamar ni. Tausayi ya kama ni, na saye shi. Da na dawo, na tsoma ƙafafuna a ruwan magani cikin natsuwa, zakaran yana hammatata, sannan na sake shi cikin kajina.

Kafin sati ya zagayo mun binne su duka.

Har yau, in na yi sallama a gidan Kawu, sai ya ce, "Mun yarda da ƙafar. Ɗaga hannu mu ga hammatar."