Yadda Za Ka Ɓoye Wa Matarka Mota Mai Rugugin Hadari

Kai da ka haura sittin, gwiwa ta fara ƙara, amma ranka na kan tsohuwar motar Amurka mai silinda takwas, matso kusa. Ni Majken karatuna bai yi nisa ba, sai dai tagar kicin ɗina tana kallon babban titi. Babu motar da ta shigo garin nan ban san wanda ya saye ta da wadda ya yi wa ƙarya ba. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci: mota za ta shigo, matarka kuma ba za ta fita ba. Maƙwabcina Sune ya bi su, ga shi nan da ransa.

1. Saurari gargaɗin matar gida, sannan ka yaba burodinta

Gunvor, matar Sune, a gabana ta faɗa muna shan kofi: "Tsoho, ƙarafan da ka tara a bayan gida sun isa. Ka ƙara kawo wani abu mai taya huɗu, na koma wurin ƙanwata a birnin Karlstad. Ko ni ko mota." Har akwati ta sauko da shi ta ajiye a bakin ƙofa, wai ya riƙa tuntuɓe da shi yana tunawa.

In aka gaya maka haka, gyaɗa kai. Ka ce burodin kirfa ya yi daɗi. Ka ce gobe za ka je duba injin yankan ciyawa.

2. Je wurin mai sayarwa da fuskar wanda ba ya so

Shuri taya. Ban san amfanin hakan ba, amma marigayi mijina bai taɓa wuce taya bai shure ta ba, kuma maza sun girmama shi.

Sai ka fito da maganaɗisu ka bi jikin motar da shi. Inda ya manne, ƙarfe ne. Inda ya faɗi, tsatsa ce aka cike aka shafa mata fenti. Sune na ƙofar firjin Gunvor ya zare, wani ja mai siffar zuciya. Ya gwada ƙofa, ya faɗi. Ya gwada bonet, ya faɗi. Sai can baya kusa da fitila ya manne, daɗi ya rufe Sune ya manta shi a wurin.

Masana sun ce motar da ta riƙe maganaɗisu a waje ɗaya tana da gaskiya a waje ɗaya. Ya fi wasu mazan.

3. Auna ƙarfinta da kunne

Tambayi mai ita injin ƙarfin doki nawa ne. Za a ce maka ɗari huɗu. Kada ka tambaya ko dawakan suna nan da rai, motar ta girmi 'yarka ta fari.

"Tana gudu kuwa, Evert?" in ji Sune ga mai motar.

Evert ya cire hula ya nuna sanƙonsa. "Ka ga gashina? Ita ta kwashe shi."

"Birki fa?"

"Kai gudu ka zo saya ko tsayuwa?"

Gwaji na gaskiya ɗaya ne: taka totur. In karen mai motar ya shige ƙarƙashin rumfa, saya. Batun fetur kuwa ba a tambaya, rashin kunya ne, kamar tambayar mace shekarunta.

4. Ɓoye ta wurin tsohuwa mai riƙe sirri

Wato ni. Tsohon ɗakin shanuna babu kowa ciki, nan ta yi sanyin bana kaf a ƙarƙashin tamfol.

Ga wahalar: don ƙararta ka saye ta, ƙarar ce kuma za ta tona ka. Saboda haka kada ka tayar da inji sai ranar Lahadi, lokacin da ƙararrawar coci ke kaɗawa. Sune ya yi haka, sai dai ƙararrawa takan gaji kafin shi.

"Majken, me ke gurnani a ɗakin shanunki?" Gunvor ta tambaye ni.

Na ce injin wanki ne ya tsufa. Sirrin nan ba wanda na gaya wa, in ban da mai gyaran gashi, da matar fasto, da matan ƙungiyar waƙa. Su kuwa kowa ya san su da kamun baki.

5. Kada ka sayi rigar fata

Sune ya saya. Ba ta rufe tumbinsa ba.

6. Ranar zagaye, ka ce ta wani ce

Ka san Asabar ɗin farko da ƙanƙara ta narke rana ta yi ɗumi: duk mai tsohuwar mota sai ya fito a zagaya dandali a jere, a hankali, har tsoho mai dogara sanda ya wuce ku. Ba za ka iya zama a gida ba, na sani. Saka baƙin tabarau, in an tambaya ka ce Evert ne ya roƙe ka ka motsa masa ita.

Abin da ban gaya wa Sune ba, don bai tambaya ba: injin da aka ƙera don gudu ba ya son rarrafe. Ana cikin zagaye ruwan lagireto ya tafasa, tururi ya turnuƙe, motar ta yi tari ta mutu. A ina? Daidai gaban rumfar mai gasa naman sosej, inda ni da Gunvor muke zaune. Ni na zaɓa mana bencin, don ya fi samun rana.

7. In an kama ka, miƙa makulli

Gunvor ta tashi ta zagaya motar. Ta tsaya a baya, ta ɓamɓare jan maganaɗisun.

"Tun kaka nake neman wannan."

Sune ya ce, "Ta Evert ce, wallahi roƙona ya yi..."

"Evert ne yake yi min burum-burum cikin barci? Tsoho, ka jiƙe cikin rigar nan kamar dafaffen dankali. Riƙe min sosej ɗina."

Ta jira injin ya huce, ta karɓi ruwa wurin mai rumfa ta zuba masa, ta zauna a gaban sitiyari. Ta ce a irin wannan ta koyi tuƙi, ta yayanta, tun Sune bai fara aske gemu ba.

"Kun mai da ita keken jarirai. Iska take so. Majken, shigo."

Muka bar jerin, muka hau titin bakin tafki. Ina shaida maka dawakan nan suna da rai. Ɗankwalina yana can kan wata bishiya, haƙoran robana kuwa da hannu na riƙe su har muka dawo.

Akwatin ya bar bakin ƙofa. Yanzu a but ɗin motar yake, cike da bargo da fulas ɗin kofi. Duk Asabar ni da Gunvor muke fita. Sune ya sayi injin yankan ciyawar, in muka wuce yakan ɗago mana hannu.

Kafin ka zo ƙofata da ƙorafi

Na yi alkawarin mota za ta shigo, mata ba za ta tafi ba. Ban ce kai za ka tuƙa ba. Tsatsa, tururi, kwanan falo, duk naka ne, ba ruwan Majken. Ɗakin shanuna a buɗe yake ga mai bukata, kuma ba zan gaya wa matarka komai ba sai in ta zo shan kofi. Takan zo ranar Talata.