Dabinon Japan

Ba zan taɓa mantawa da shan ruwan da na yi a gidan dattijo Ammi Salihu a unguwar Ƙuba ta Madina ba, kodayake na so in manta.

Lokacin ina direba a wani kamfani mai jawo ruwa daga Yanbu zuwa Madina, injiniyoyinsa mutanen Japan. Da ɗayansu zai koma gida sai ya bar mini kwali: taliyar kofi wadda ake zuba wa ruwan zafi, biskit ɗin shinkafa, da wata kwalba cike da 'ya'yan itace jajaye masu laushi, sak nunannen dabino. Taliya da biskit na yi musu tas. Kwalbar kuwa ban buɗe ba, domin ina neman auren Hafsa, 'yar Ammi Salihu, kuma 'yan'uwansa ba su yarda da ni ba. A daren shan ruwan nan ne za su yanke magana.

Mutumin nan fa gonar dabino gare shi. Ni kuwa na shiga da kwalba a hannu (ina wani ɗaga kafaɗa, Allah ya yafe mini) na ce, "Ammi, dabinon Japan ne. Kullum da shi nake buɗe baki."

Aka kira salla. Tsohon ya ture nasa dabinon, ya yi bismilla, ya jefa nawa a baki.

Wayyo Allah! Ashe jiƙaƙƙen ɗan itace ne mai tsami da gishiri, wanda mutanen Japan suke cin ɗan kaɗan da shinkafa. Idanunsa suka rufe, gemunsa ya hau rawa, hawaye shar. Ƙanensa ya tofar da nasa a tafin hannu. Wani jikansa ya kurma ihu da Larabci, "Yumma, esh hada?" wato "Inna, mene ne wannan?" Daga bayan labule na ji dariyar mata, har da muryar da na sani. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, Hafsa ta tafi.

Ammi Salihu ya haɗiye da ƙyar, ya kora da ruwa, sannan ya miƙo mini kwalbar. "Bismilla, ya waladi, ci ɗana, kai da ka saba."

Na ci. Abin da fuskata ta yi, ba sai na faɗa ba.

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya dubi 'yan'uwansa. "Kun ga ƙarya yake, bai taɓa ɗanɗanawa ba. Ya zaci abin daɗi ne, ya hana bakinsa ya kawo mana duka. Khalas, magana ta ƙare, na ba shi Hafsa."

Allah ya jiƙan Ammi, ya rufa mini asiri a wurin da ni na tona wa kaina. Tun daga ranar, ko ruwa zan miƙa wa mutum sai na fara kurɓa.