Ranar Da Na Kashe Wa Unguwa Wutar Gumi

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da bazarar nan ba. Ruwa ya ja baya a kanal ɗin noman rani, tumatir ya yi araha har masu shi na barinsa a bakin titin Kadawa, zafi kuwa ko kaji sun daina tono. Kowa na ƙorafi a shekarar, ban da ni, domin 'yata Rabi ta samu wata ƙungiya ta ƙasar waje ta ɗauki nauyin karatunta na digiri na uku.

Bincikenta a kanmu ne, matan da ke gumin shinkafa, wato mu jiƙa shanshera (shinkafar da ba a cashe ba) ta kwana, mu turara ta a rabin duro, mu shanya kafin a kai inji. Tana kwatanta yadda rayuwarmu ta sauya tun zuwan noman rani da ta wasu mata masu irin aikinmu a Senegal. Kafin a ci gaba da biya mata shekara ta biyu, sai malamarta, Farfesa Asabe, ta zo ta ga matan da idonta, ta shaida wa ƙungiyar cewa akwai aikin yi a nan.

Rabi ta ce, "Inna, don Allah kar ki taɓa komai. Yadda kuke kullum take son gani."

Na ce to. (Ni ba mai musu ba ce. Sai dai "to" ɗina ba kullum yake nufin na ji ba.)

A raina na ce, Farfesa guda ta shigo ta tarar da uwar ɗalibarta cikin toka da zanen aiki? Ai kunyar Rabi ce. Kuma tunda sauyi ake nema, kuma ni ce na yi ajin yaƙi da jahilci a layinmu har ake kawo mini takardar asibiti in karanta, wa zai nuna sauyi in ba ni ba? Ranar da Rabi ta tafi Kano ɗauko baƙuwa, na bi gida-gida a hankali na roƙi mata kowa ta kashe wuta. Muka gangara da durorinmu bayan katanga, muka rufe murhunanmu da tsofaffin tabarmi, na aro kujerun roba. Muka ciro ankon bikin da aka yi bara muka saka, mu duka iri ɗaya.

Da suka shigo, Rabi ta tsaya a tsakar gida tana waige-waige kamar ta ɓata hanya. Farfesa kuwa, wata 'yar siririya da atamfa mai sauƙi, ta wuce kujerun ta zauna a tabarma. Bayan gaisuwa ta ce, "Inna, in kun tashi da safe me kuke fara yi?"

Na gyara mayafi na ce, "Alhamdu lillahi, yanzu ai an ci gaba. Hutawa muke yi."

"Gumi fa?"

"Wannan ai da ne, ranki ya daɗe."

Ta juya wajen sauran matan, kowacce ta ce alhamdu lillahi, kamar yadda na koya musu. Na saci kallon Rabi, na ga idonta ya ciko. A lokacin ne na fara gane cewa da bakina nake shaida wa malamarta babu abin bincike a garinmu.

Ban gama wannan tunani ba sai ga muryar Malam Sale mai amalanke daga zaure, shi kuma ba ya magana a hankali ko a masallaci.

"Salamu alaikum! Maman Rabi, ga shansherarki ta yau, ina zan sauke? Wai lafiya ban ga hayaƙi ba duk layin nan? Ko rasuwa aka yi ba a faɗa mini ba?"

Na ci gaba da gyara mayafi, ko zai gaji ya tafi.

"Kuma awaki suna can bayan katanga sun buɗe wadda kika jiƙa jiya, suna ta ci!"

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba. Da anko, da ɗan kunne, da takalmi ƙafa ɗaya, na fita ina "kur! kur!", matan unguwa suka biyo ni a guje kowacce tana kiran duronta. Da na waiwayo riƙe da muciya, leshina duk baƙin tukunya, sai ga Farfesa tsaye a bayana, ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

Ta ce, "Inna, ashe haka hutun naku yake?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Ki gafarce ni, ba na so a raina yarinyar nan ne."

Ta daina dariya ta ce, "Da wannan duron kika kai ta inda take, wa zai raina ta? Amma in na koma da abin da kuka faɗa mini yau, ba ni da hujjar da zan sa hannu. Zan dawo gobe."

Rabi ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dai taya ni tsince kashin awaki daga cikin shinkafa. Abin da na koya kuwa, in mai ilimi ya ce kar ka taɓa komai, to ba kara yake yi maka ba.

Washegari ina idar da sallar asuba na ɗaura zanen da ya fi kowanne ƙonewa, na mirgino durona tsakiyar gida, na hura wuta da ɗanyen itace don a hango hayaƙin tun daga titi.